Ces960 da kwamfuta: horo ne ko ɓata lokaci?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu shiga harkar nan. Na koma buga Ces960 da kwamfuta a Lichess, shafin buga ces a intanet, domin na gaji da haɗuwa da yaran da suka haddace buɗe wasa, ka ga yaro yana ta zuba motsi ba tunani, kai kuwa lokacinka na ta ƙonewa. To amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Kwamfutar tana da matakan ƙarfi. A mataki na 3 ina cinye ta ba wahala. A mataki na 6 ko numfashi ba ta bari in yi. A tsakani kuma, sai ta yi ta buga wasa kamar gwana, can sai ta kawo doki ta ajiye a bakin sojana a banza. Mutum ba ya wasa haka. Shin wannan abin da nake yi yana ƙara mini wani abu kuwa, ko dai data kawai nake ƙonawa?

Amarya Zazzau:
Wa'alaikumus salam. Kafin a yi nisa, a taimaka wa irinmu sababbin shiga. Mene ne bambancinsa da ces ɗin da muka sani?

Malam Mai Lissafi:
Bambancin a jerin baya yake, 'yar'uwa. Sojoji takwas suna nan a gaba inda suke, kowane ɗa kuma tafiyarsa ba ta canza ba. Manyan da ke baya ne ake hargitsa wa wurin zama kafin a fara, da sharaɗi biyu: bishof ɗaya ya hau farin gida ɗaya ya hau baƙi, sannan sarki ya kasance a tsakanin ruk biyu. Yadda aka jera wa fari haka ake jera wa baƙi, suna kallon juna.

Lambar nan 960 ma daga nan ta fito, ita ce yawan jerin da za a iya yi. Bishof na farin gida yana da wuri 4, na baƙin gida wuri 4, 16 ke nan. Saura gida 6, sarauniya ta ɗauki ɗaya, 16 sau 6 ya ba ka 96. Saura gida 5, dawakai biyu suna da hanya 10 ta zama a ciki, 96 sau 10 ya zama 960. Gida ukun da suka rage ba zaɓi, ruk ne, sarki, ruk. Kowane jeri da lambarsa, kuma jerin da muka saba da shi ma yana cikinsu, shi ne mai lamba 518.

Bobby Fischer, Ba'amurken da ya karɓe kambun duniya daga hannun Boris Spassky a 1972, shi ya gabatar da tsarin a Buenos Aires ta Ajantina a 1996. Kuma kukansa irin naka ne, Ɗan Fagge, wai hadda ta cinye wasan.

Baba Dattijo:
Ni dai in za ka ji tawa, yaro, ka rabu da injin nan ka nemi mutum. Mun taso muna buga dara a gindin bishiya, rami 30, kowa da 'ya'ya 12. Abin da ke koya maka wasa shi ne wanda ke gabanka. Ka ga hannunsa ya tsaya, ka ga ya yi shiru bayan yana ta surutu, ka san ya shiga uku. Ka san wane mai gaggawa ne, wane matsoraci ne, ka ɗana masa tarko daidai halinsa. Inji ba ya tsoro, ba ya kwaɗayi, ba ya jin kunya in an cinye shi a gaban jama'a. To me za ka koya a wurin abin da ba shi da hali?

Malam Mai Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara girma, akwai gaskiya a maganarka, kuma ita ce ma amsar abin da ya ɗaure wa Ɗan Fagge kai. Bari in faɗi yadda abin yake aiki.

Stockfish, injin ces ɗin da kake karawa da shi, ba shi da ƙanana da manya. Inji ɗaya ne, kuma ƙarfinsa na gaske ya wuce na kowane ɗan Adam da ke raye. Idan ka zaɓi ƙaramin mataki cikin takwas ɗin nan na Lichess, ɗaure shi ake yi. Ana rage masa zurfin hangensa da lokacin da zai yi lissafi, sannan a sa shi ya jero motsi da dama, maimakon ya ɗauki mafi kyau kullum sai ya riƙa ɗaukar na ƙasa da shi bisa ƙuri'a. Shi ya sa kake ganin motsi biyar na gwani, na shida na wanda bai san allo ba. Wannan dokin da ya ajiye maka, ba kai ka matsa masa har ya rikice ba. Ƙuri'a ce ta faɗo.

Mutum kuwa kuskurensa yana da dalili. Ya ga soja a sake ya yi kwaɗayi, ya manta da bishof ɗin da ke can lungu, ya tsorata da harin da ba shi da haƙora. Irin wannan kuskuren ne ake koyon jawowa. Na inji ba a jawo shi, jira kawai ake yi.

Ɗan Fagge:
Malam, ke nan duk nasarar da na samu a mataki na 3 kyauta aka ba ni?

Malam Mai Lissafi:
Ba duka ba. Ganin kyautar ma aiki ne, kuma kai wasa ƙarshe bayan ka samu rinjayen doki guda wani aiki ne dabam, da yawa a nan suke zubar da abin da suka tara. Abin da nake cewa kawai, kada ka auna kanka da matakin.

Injiniya Kawo:
Ni ban yarda a ce ya rabu da inji ba, musamman a 960. Baba, da girmanka, ka duba wannan. A wasan da aka saba, littattafai sun cika, kowa ya san soja na gaban sarki ko na gaban sarauniya ake fara turawa, an san inda doki zai sauka. A 960 ba wanda zai gaya maka. Wa zai nuna maka cewa a jerin da aka ba ka yau akwai sojan da ba mai gadinsa tun kafin a taɓa komai? Inji ne. Ka yi sakaci sau ɗaya zai cafke shi, gobe da kanka za ka duba.

Misali, a ce sarauniya tana lungu, a a1 (kowane gida a allo sunansa harafi ne daga a zuwa h, da lamba daga 1 zuwa 8). Da ka tura sojan b, ta buɗe ido tana kallon g7 kai tsaye. Idan a wannan jerin ba sarki a kusa, ba ruk a g8, ba bishof a f8 ko h8, ba doki a e8, to sojan nan maraya ne. Kuma abin da ka gani a gidan abokin wasa yana gidanka, domin jerin iri ɗaya ne, tasa sarauniyar tana a8 tana jiran g2 naka. Mutum a matakinmu zai iya wucewa bai lura ba, ku yi ta wasa ku biyu cikin duhu. Inji daga mataki na 6 zuwa sama ba ya barin irin wannan.

Shawarata, Ɗan Fagge: bar matakin da kake cinyewa. Hau wanda yake cinye ka. Kada ka sa a ranka sai ka yi nasara, ka sa a ranka za ka fita daga motsi 12 na farko ba a ci maka komai ba, dawakanka sun fito, sarkinka ya samu mafaka. In an gama, ka buɗe nazarin wasan ka ga inda layin nan mai nuna wanda ke da rinjaye ya karkata. Wasa da kwamfuta ba ya taɓa makinka, wato lambar da shafin ke auna ƙarfinka da ita, kuma kana iya janye motsi ka sake gwada wani. Wane mutum ne zai yarda ka janye sau uku?

Baba Dattijo:
To ai janyewar nan ita ce cutar. Wanda ya saba in ya taɓa ya janye, ranar da ya zauna gaban mutum hannunsa zai riga kansa. A ƙa'ida ma ɗan da ka taɓa shi za ka motsa.

Injiniya Kawo:
Wannan gaskiya ne Baba. To a raba: ranar nazari a janye, ranar gwaji a ɗaure hannu.

Amarya Zazzau:
Ni abin da ya hana ni sakewa da shi kasilin ne, motsin nan da sarki da ruk suke yi tare a lokaci guda. Na gwada jiya, sarki yana b1, na rasa yadda zan yi.

Injiniya Kawo:
Ki riƙe abu ɗaya: ko daga ina suka taso, inda suke sauka bai canza ba. In ɓangaren dama ne, sarki g1, ruk f1. In hagu ne, sarki c1, ruk d1. Sauran sharuɗɗan suna nan, sarki da ruk ɗin ba su taɓa motsi ba, ba a cek (wato ba a kai wa sarki hari), sarki ba zai ratsa gidan da ake hari ba, kuma hanyar su biyun a share take. A Lichess ki ɗauki sarki ki ɗora shi a kan ruk ɗin, zai gane. Wani jerin ma da motsin farko za ki iya yi, in sarki na f1 ruk na g1, musayar wuri kawai za su yi. Wani lokacin kuma sarki yana nan inda yake, ruk kaɗai zai tsallaka.

Yerwa Boy:
Ina bin ku tun ɗazu. Abin da nake so in ƙara, masu ganin kamar canza wa ces tsari bidi'a ce ta zamani su sani wasan bai taɓa zama iri ɗaya ba. A shaɗaranjin Larabawa, wanda yake wurin sarauniya gida ɗaya tak yake takawa a karkace, giwa kuma, wadda ta zama bishof, tsallen gida biyu take yi. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 15 a Turai aka ba sarauniya wannan ƙarfin. Mu nan Borno ma an yi namu, tsatsarandi, a fada ake buga shi, sarkin ana ce masa Mai, akwai Ciroma, akwai Kaigama. Habasha suna da senterej, inda a farkon wasa kowa yake ta jera rundunarsa ba jiran juna, sai an ci ɗan farko sannan a koma bi da bi. Wannan ma ai maganin hadda ne, tun kafin a haifi Fischer.

Baba Dattijo:
Madalla da wannan. Kuma duk da mutane aka buga su, ba da inji ba.

Malama Uwar Ɗalibai:
Baba, ni ina koyar da yara ne, kuma a nan zan ɗan saɓa maka. Yarinyar da ke gida bayan magariba, wa za ta samu ta buga da shi? Majalisar dara ta maza ce, kulob ɗin ces kuwa ba kowane gari ke da shi ba. In ta shiga bugawa da mutanen da ba ta sani ba a intanet, wani ya zage ta a akwatin hira, wani ya gudu in ya ga zai faɗi. Kwamfuta ba ta zagi, ba ta gajiya, ba ta raina mai koyo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma nau'o'in nan suna da amfani a aji fiye da yadda ake zato. Ina sa su buga Horde, inda fari yake da soja 36 ba sarki, baƙi kuma da rundunarsa cikakkiya, sai ya cinye sojojin nan kaf kafin ya yi nasara. Yaron da ya buga wannan da inji zai gane da idonsa yadda soja ke kare soja, da inda sarƙar take da rauni, abin da in a allo na zana masa ba zai zauna ba. King of the Hill kuma, wanda ya fara kai sarkinsa ɗaya daga gidaje huɗun tsakiya ya ci, yana koya musu darajar tsakiyar fili ba sai na yi ta nanatawa ba. Amma ba na barin su a nan. Ranar Asabar allo na katako ake shimfiɗawa, su fuskanci juna, su gaisa kafin wasa da bayansa.

Ɗan Damagaram:
Ina gaisuwa ga manya. Malama, ki ja musu kunne kan Antichess dai. Wanda ake neman a rabu da 'ya'ya, cin dole ne in ya samu, sarki ma ɗa ne kamar kowa. Na ga masu buga shi da yawa, in sun dawo wasan gaske sai idonsu ya riƙa neman inda za su ba da kaya. Kuma da inji ba shi da daɗi ko kaɗan, domin wasan lissafi ne zalla. Tun 2016 wani masanin lissafi, Mark Watkins, ya tabbatar da kwamfuta cewa in fari ya fara da e3 kuma bai yi kuskure ba, shi ke da nasara. In kuwa ka fara da e4 ko d4 yadda ka saba, ka riga ka faɗi tun motsin farko, in abokin wasan ya san hanya. Inji kuwa ya sani.

Malam Mai Lissafi:
Haka ne. Crazyhouse ma kusan haka yake a hannun inji, ko da yake shi ba a warware shi ba. Duk ɗan da ka ci ya zama naka, kana iya dasa shi a kowane gida da ba kowa a madadin motsi, sai dai soja ba a dasa shi a layin farko ko na ƙarshe. Dabarar irin ta shogi ce, ces ɗin Japan. Yawan zaɓin da ke gabanka a kowane motsi ya ninka, kan mutum ba ya ɗauka, shi kuwa Fairy-Stockfish, wanda Lichess ke sa wa a irin waɗannan nau'o'in, abincinsa ke nan. Sai ka ga ana ta dasa maka dawakai a gefen sarki, cek bayan cek, har a rufe ka ba ka motsa abin da kake so ba ko sau ɗaya. Shi ya sa a ganina cikin nau'o'in nan 960 ne ya fi dacewa da horo, domin da an wuce buɗewa ces ne sak.

Yerwa Boy:
Tambaya ta gaskiya: akwai wanda ke iya cinye mataki na 8 kuwa?

Injiniya Kawo:
A cikinmu nan? Babu. Kuma ba abin kunya ba ne. Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, ya doke injin Deep Blue na IBM a 1996 da ci 4 da 2, shekara ɗaya bayan nan a New York injin ya rama da 3½ da 2½. A 2006 Vladimir Kramnik, yana riƙe da kambun duniya, ya sha kashi a hannun Deep Fritz a Bonn ta Jamus da 4 da 2, a wasa ɗaya ma bai ga za a rufe sarkinsa da motsi guda ba. Injinan yau sun yi wa waɗancan nisa sosai, kuma a wayar hannu suke zaune. Wasu suna zaton in an hargitsa jeri an raba inji da littafin buɗewarsa to an rage masa ƙarfi. Kai aka rage wa. Shi lissafi yake yi daga abin da ke kan allo, ko wane jeri ne duk ɗaya ne a wurinsa.

Baba Dattijo:
To kun dawo kan maganata. Na ƙasa yana ba ka kyautar ƙarya, na sama ba ya barin ka numfashi. Ina amfanin?

Malam Mai Lissafi:
Masu bincike ma sun ga wannan giɓin, Baba. Shi ya sa aka ƙera Maia, injin da aka horar da shi da miliyoyin wasannin mutane na Lichess, ba don ya buga mafi kyau ba, don ya buga abin da mutum mai wannan matakin zai buga. Akwai na maki 1100, da 1500, da 1900. In ka buga da shi za ka ga kuskure mai kama da na ɗan Adam, kwaɗayi da mantuwa. Sai dai daga wasan da aka saba ya koyo, don haka ga mai neman 960 har yanzu Stockfish ɗin ne a gabansa.

Amarya Zazzau:
Su manyan 'yan wasan suna ɗaukar 960 da muhimmanci kuwa, ko wasan hutu ne?

Ɗan Damagaram:
Suna ɗauka sosai. Hukumar ces ta duniya, FIDE, ta amince da gasar duniya tasa a 2019, aka yi ta ƙarshe a Norway, Wesley So ya lallasa Magnus Carlsen a gidansu da 13½ da 2½. Wannan sakamakon ya girgiza mutane, domin a lokacin Carlsen ne zakaran duniya a wasan da aka saba. A 2022 Hikaru Nakamura ya ɗauka a Reykjavik. Shi Carlsen ɗin kuma daga baya ya zama babban mai tallata shi da sunan Freestyle, ya ci gasar da aka yi a Weissenhaus ta Jamus a 2024. Abin da ke burge ni in ina kallo, za ka ga gwani ya zauna yana tunani mai tsawo a motsi na biyu ko na uku, abin da ba ka gani a wasan da aka saba, inda sukan zubo motsi 15 ko 20 daga ka.

Malama Uwar Ɗalibai:
Abu ɗaya nake roƙo, tunda akwai yara a zauren nan. Inji abokin horo ne kafin wasa, malamin nazari ne bayan wasa. Ana cikin wasa da mutum kuwa, buɗe shi a wata waya sata ce, kuma shafukan nan suna ganewa, su yi wa asusunka tambari ko su rufe shi. Na ga yaro mai hazaƙa da ya lalata sunansa a kan wannan, har yau abokansa ba su yarda da nasararsa ko da a allon katako ya ci.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, kowa ya ba ni abin riƙewa. Injiniya, wani abu ɗaya. In na buɗe nazarin sai in ga ya ce motsina kuskure ne, ya nuna wani, amma ban gane dalili ba. Lamba kawai nake gani tana hawa tana sauka.

Injiniya Kawo:
A nan kam inji gurgu ne, yana nuna hanya ba ya bayani. Abin da za ka yi, buga motsin naka a allon nazari ka bar shi ya ba ka amsa, ka bi shi motsi uku ko huɗu har ka ga abin da ya faɗi da idonka. In ka bi ba ka ga komai ba, bambancin lambar kuma bai kai darajar rabin soja ba, ƙyale shi, ba matakinmu ba ne. Wanda ya fi ƙarfinka ka ɗauki hotonsa ka turo nan.

Baba Dattijo:
Ya turo nan, wato wurin mutane. To turo, yaro. Ku kuma masu inji ku rufe shi tukuna, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani, sannan a tambaye shi.

Yerwa Boy:
Na yarda da sharaɗin Baba. Ɗan Fagge, ka haɗo da lambar jerin, in ba haka ba ba za mu san inda ruk ɗinka suka taso ba.

Ɗan Fagge:
To, bari in nemo wasan daren jiya. Ni ne baƙi, bishof biyun duk suna lungu ɗaya, kuma tun motsi na 9 ya ce na lalace.